Francisco Ponzán: Malamin da Ya Zama Jagoran Hanyar Duwatsu

Daga cikin mutanen da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa adalci rabi da rabi akwai Francisco Ponzán, malamin makaranta ɗan ƙasar Sifen, wanda aka haifa a Oviedo a 1911, ya kuma tashi a Huesca a gaban malaminsa Ramón Acín, wanda ya shayar da shi aƙidar anakiyanci, wato mazhabar da ke cewa kada wani mahaluƙi ya mallaki ɗan'uwansa, sarki ne ko hukuma ko mai dukiya. Da yaƙin basasar Sifen ya ɓarke a 1936, dakarun tawayen da Janar Franco ya jagoranta daga baya suka harbe Acín a Huesca, almajirin kuwa ya shiga aikin leƙen asiri a bayan sahun abokan gaba, inda ya naƙalci yadda ake ƙetare iyaka cikin dare.

Wannan ilimi shi ne jarinsa lokacin da Jamhuriyar Sifen ta faɗi a hannun Franco a 1939, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara Faransa, shi kuma aka tsare shi a sansanin Vernet. Bayan fitarsa ya zauna a birnin Tulus, ya haɗa jama'ar da ke fitar da matuƙa jiragen sama na ƙasashen ƙawance da Yahudawa da sauran waɗanda Jamus ke farauta, ana yi musu takardun bogi, sannan a danƙa su ga jagorori waɗanda za su haura da su duwatsun Firenis cikin ƙanƙara, ba fitila, ba magana sai raɗa, har su sauka ƙasar Sifen. Yawancin aikin ya gudana ne tare da hanyar ɓoye ta Pat O'Leary, wadda Ingila ke ɗaukar nauyinta.

A nan ne saɓani ya taso, domin shugabannin ƙungiyarsa ta 'yan anakiyanci, CNT, da ke gudun hijira sun nisanta kansu daga gare shi, bisa hujjar cewa wanda ya kafirce wa kowace hukuma bai halatta ya karɓi kuɗin hukumar Ingila. Hujjar tana da ƙarfi a zahiri, amma a ganina ta kasa fahimtar niyyarsa, alhali kuwa ayyuka da niyya ake auna su: hanyar da ta fitar da matuƙin jirgin Ingila ita ce ke shigar da saƙonni da taimako ga 'yan'uwansa da ke ɓoye ko ke kurkukun Franco. Ponzán ya yi zaton faɗuwar Hitler za ta ja Franco ƙasa. Ƙawayen suka karrama shi da lambobin yabo bayan rasuwarsa, suka bar Franco bisa mulki har 1975, kuma wannan, wallahi, cin amana ne da ya kamata a kira shi da sunansa.

'Yan sandan gwamnatin Vichy ta Faransa suka kama shi a Afrilun 1943. Yana kurkukun Saint-Michel a Tulus ya rubuta wasiyya cewa a binne shi a Huesca kusa da Acín. Ran 17 ga Agusta, 1944, kwana biyu kafin a 'yanto Tulus, Jamusawa suka kwashe shi da fursunoni kimanin hamsin zuwa dajin Buzet-sur-Tarn, suka kashe su, suka ƙona gawarwakin, har ba a sami abin da za a cika wasiyyar da shi ba.