Rasuwar Abacha da Abiola: Gawar da Aka Bincika da Wadda Ba a Bincika Ba



Yau ina so mu waiwayi shekarar 1998, domin tarihin ya shafi jiharmu ta Neja. Janar Babangida ne ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, sannan Janar Abdulsalami Abubakar ne ke kan mulki ranar da Abiola ya cika. Dukkansu mutanen Minna ne.

Ranar 8 ga Yuni 1998 Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja, aka kai shi Kano aka binne a ranar, kamar yadda addini ya tanada. Likita bai bincika gawar ba. Gwamnati ta ce bugun zuciya ne, amma har gobe wasu na cewa guba aka sa masa a tuffa, kuma babu takardar da za a nuna a rufe bakin kowa.

Wata guda bayan nan, ranar 7 ga Yuli, Abiola da ke tsare tun 1994 ya faɗi yana ganawa da wakilan Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice, bayan an ba shi shayi. Nan take rikici ya ɓarke a Legas, aka far wa 'yan kasuwa Hausawa da ba su ji ba ba su gani ba.

Wannan karon ba a yi gaggawar binnewa ba. An kira likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada, suka feɗe gawar a Legas, likitansa Dakta Ore Falomo yana wurin. Sun tarar zuciyarsa ta kumbura saboda daɗaɗɗen hawan jini, jijiyoyinta sun tsuke, kuma gwajin da aka yi bai nuna guba ba.

Sai dai 'yan uwa, likita yana faɗin abin da ya tsayar da zuciya ne kawai. Wanda ya tsare mai hawan jini shekara huɗu, wannan tambayar kotu ce.

A ganina, idan babban mutum ya mutu a hannun hukuma, a bari likitoci masu zaman kansu su duba, da yardar iyalinsa, kafin a kai shi makwancinsa. Mu da muke zaune a garuruwan wasu, jita-jita a kan rumfunanmu take ƙarewa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.