Waiwaye a Kan Siffar Wasiƙar Talla ta Imel

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda wasiƙar talla ta imel ta sami siffar da aka san ta da ita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, galibin ƙa'idojin tsarinta na'urar mai karɓa ce ta tilasta su. Wanda ya buga takardar talla a maɗaba'a yana ganin ainihin abin da zai isa hannun mai karatu, amma mai aika imel bai san kamannin da wasiƙarsa za ta ɗauka a can ba.

Masu nazari sukan fara lissafi daga watan Mayun 1978, lokacin da Gary Thuerk na kamfanin Digital Equipment Corporation a Amurka ya aika wa mutane kimanin 400 gayyata ta hanyar ARPANET, wato kakar intanet, domin su zo kallon sababbin kwamfutocin kamfanin. An rubuta ta ne da manyan baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe. Sa'an nan adireshin mutanen ya yi wa gurbinsa yawa, har ya malala cikin jikin wasiƙar, sai da mai karatu ya ratsa dogon jerin sunaye kafin ya kai ga maganar. Hukumar da ke kula da hanyar ta tsawata. Ashe tun a wasiƙar farko an yi tuntuɓe da tsari.

A wancan zamani babu abin ado sai baƙaƙe da tazara. Allon na'ura kan ɗauki baƙaƙe 80 a layi, gadon katin huji na kamfanin IBM na 1928, don haka marubuci yakan katse layinsa kafin nan, ya raba sakin layi da fili. Wannan talauci, a ganina, ya yi wa mai karatu rana, domin wanda ba shi da launi dole ya gyara jimlarsa.

Sauyi ya zo a 1992 da ƙa'idar MIME ta Nathaniel Borenstein da Ned Freed, wadda ta ba da damar haɗa hoto da rubutu iri-iri a saƙo guda. Kafin ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwa sun rungumi HTML, wasiƙa ta koma kamar shafin mujalla. Sai dai kowace manhajar karanta imel da yadda take fassara umarnin tsari. Outlook 2003 ya riƙa ɓoye hotuna sai mai karatu ya yarda a nuna, saboda haka wanda ya zuba dukan tallarsa cikin hoto sai ta isa fayau, ba komai a ciki. Daga nan aka koyi sanya muhimmiyar magana a rubuce, da yi wa kowane hoto ɗan bayani. Outlook 2007 kuma ya koma nuna wasiƙa da injin Word, wanda bai fahimci yawancin sababbin dabarun tsara shafi ba, ala tilas masu zane suka ci gaba da gina wasiƙa cikin jadawali mai gida-gida, faɗinsa kimanin ɗigon allo 600. A shekarar ce iPhone ya fito, karatu ya fara komawa tafin hannu, aka karkata ga shafi mai layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, da manyan baƙaƙe, da maɓallin da yatsa zai iya dannawa.

Gindin wasiƙar kuwa doka ce ta gina shi. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta hana kan magana na yaudara, ta wajabta adireshin gidan waya na mai talla da hanyar da mai karɓa zai ce a daina aiko masa. A 2024 Gmail da Yahoo suka nemi masu aika saƙo da yawa su mai da wannan hanya dannawa ɗaya.

Akwai wani ɓangare da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Tsarin ASCII, wanda aka gina imel a kansa, bai tanadi ɓ da ɗ da ƙ ba. Unicode ne ya ba su gurbi, amma ko da hakan, in manhajar mai karɓa ta kuskure fassara, ko salon baƙin da aka zaɓa ba shi da ƙugiya, sai alamar tambaya ko ɗan akwati ya bayyana a tsakiyar kalma. Masu talla da dama suka zaɓi jefar da ƙugiyar gaba ɗaya, *baƙi* ya zama *baki*, *ƙara* ta zama *kara*, aka bar wa mai karatu aikin warwarewa. Uzurin ya yi rauni yanzu, tun da manyan manhajojin imel suna karanta Unicode, kuma madannin Hausa yana samuwa a wayoyi. Abin da ya rage wa mai tsara wasiƙa da Hausa shi ne ya zaɓi salon baƙi mai ɗauke da ƙugiyoyin nan, ya kuma aika wa kansa gwaji ya buɗe a waya da kwamfuta kafin ya saki wasiƙar ga jama'a.