Magungunan da ke toshe kolinesteras: daga waken Kalaba zuwa buhun wake a Gazawa

Kolinesteras sinadari ne a jiki wanda ke share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka da zarar saƙon ya isa. In aka toshe shi sai saƙon ya daɗe, ya ƙara ƙarfi. Maganin farko mai wannan aiki daga Afirka ta Yamma ya fito, daga waken Kalaba da mutanen Efik a da suke shayar da wanda ake tuhuma da maita. A 1864 aka tace fisostigmin daga cikinsa a Jamus, a 1931 aka haɗa niyostigmin, a 1934 kuma likita Mary Walker ta nuna a Landan cewa fisostigmin na farfaɗo da masu ciwon raunin tsoka. Magungunan ciwon mantuwa na tsufa sun biyo baya a Amurka: donefezil a 1996, ribastigmin a 2000, galantamin a 2001.

Abu biyu ne ke bambanta su: ko maganin na shiga ƙwaƙwalwa, da kuma tsawon riƙon da yake yi wa sinadarin. Niyostigmin ba ya shiga, shi ya sa ake farfaɗo da tsoka da shi bayan tiyata. Donefezil na shiga, yana sassauta mantuwa kaɗan, amma ba ya tsayar da ciwon. Duk waɗannan suna riƙewa su saki. Dikulorbos kuwa, wato piya-piya, in ya riƙe ba ya saki da sauƙi, kuma a ganina shi ne ɗan wannan dangi da ya fi shafar Gazawa, Agye da Gidan Runji a yankin Maraɗi, inda wake ke cikin manyan amfanin gona, ake kuma zuba masa magani don tsoron ƙwari.

Wani zai ce bai dace a jera gubar ƙwari da maganin asibiti ba. Tarihi ya riga ya jera su. Metirifonet, wanda aka daɗe ana ba masu tsargiya kafin furazikwantel ya maye gurbinsa, dikulorbos yake komawa a cikin jiki. Atirofin da ake haɗawa da niyostigmin a ɗakin tiyata shi ne ake ceton wanda ya sha piya-piya da shi, lokacin da yawu ke dalala, ƙwayar ido ta tsuke, majina ta cika ƙirji.

Wani kuma zai ce manomi ba shi da zaɓi. Tun 2007 akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta yaɗa tare da masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi; yana hana ƙwari samun iska ba tare da ɗigon guba ba. Abin da ya rage shi ne buhun ya wadata a kasuwannin ƙauye, kada kuma atirofin ya yanke a asibitocin karkara.