Fasiƙi a Dandalin Ingila: Tarihin Wasan *The Libertine* na Shadwell

A shekarar 1642 majalisar Ingila ta rufe gidajen wasan kwaikwayo, ba a kuwa sake buɗe su a hukumance ba sai 1660, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya dawo gadon sarauta. Fadarsa ta yi suna wajen sharholiya, har wasu fadawa, irin su Rochester, suka mai da fasiƙanci abin ado. A cikin wannan yanayi ne Thomas Shadwell ya fito da wasansa mai suna *The Libertine*, wato Fasiƙi, wanda aka nuna a Landan a 1675, aka buga shi a 1676.

Labarin dai ba na Ingila ba ne tun asali. Tushensa wasan Don Juan ne na ƙasar Sifen, wanda aka buga a wajajen 1630, ake kuma jingina shi ga Tirso de Molina, sa'an nan Molière ya sabunta shi a Faransa a 1665. Tauraron Sifen yana da imani, sai dai yana jinkirta tuba don ganin da sauran lokaci. Shi kuwa Don John na Shadwell bai yarda akwai zunubi ba sam. Shi da abokansa biyu, Don Antonio da Don Lopez, suna kafa hujja da cewa sha'awa halitta ce, bin ta kuwa shi ne hankali, ra'ayin da manazarta ke dangantawa da gurguwar fahimtar falsafar Hobbes. Da wannan hujja ya yaudari mata, ya yi fyaɗe, ya halaka mahaifinsa. A ƙarshe mutum-mutumin wani da ya kashe ya kira su zuwa ga tuba, suka ƙi. Ƙasa ta haɗiye abokan, shi kuma ya nitse cikin wuta bai rusuna ba.

A nan ne muhawarar manazarta take. Wasu na ganin Shadwell ya tsananta laifuffukan ne domin ya tsiraita aƙidar fadawa, ya nuna inda take kai mai ita. Wasu kuwa suna lura da cewa 'yan kallo sun sha daɗin ɓarnar tun daga farkon wasa, azabar ba ta zo ba sai a fitowa ta ƙarshe, kuma taurin kan Don John ya fi kama da jaruntaka.

Wannan tababa ba ta tsaya ga wasa ɗaya ba. A 1698 malamin coci Jeremy Collier ya wallafa sukarsa ga dandalin Ingila baki ɗaya, yana zarginsa da ƙawata alfasha da saɓo. Tambayar da aka gada ke nan: shin hukuncin ƙarshen wasa yana goge sha'awar da farkonsa ya dasa a zukatan masu kallo?