Haɗurran jiragen sama biyu da suka girgiza Sakkwato: musabbabi da tsadar kariya

Maniyyatan Tambuwal da Kebbe, kamar sauran na jihar Sakkwato, daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suke tashi. Manyan haɗurra biyu sun rutsa da jiragen da suka nufo wannan fili, kuma a dukansu bincike ya gano hannun ɗan Adam.

Jidda, 11 ga Yulin 1991

Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi hayarsa, ya tashi da alhazai zuwa Sakkwato. Iskar tayoyinsa biyu ba ta kai ƙa'ida ba, amma aka sallame shi don gudun jinkiri. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta. Matuƙan ba su da na'urar da za ta sanar da su, sai suka naɗe ƙafafun jirgin, wutar ta ci cikinsa. Duka mutum 261 suka rasu.

Abuja, 29 ga Oktoban 2006

Jirgin Boeing 737 na kamfanin ADC ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan da tashi. Mutum 96 cikin 105 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Masu bincike sun ce matuƙan sun tashi cikin mummunan yanayi, suka shiga iskar da ke sauya alkibla farat ɗaya, kuma ba su bi matakan kuɓuta daga irinta daidai ba.

Abin da kariya take ci

Duba jirgi a kan kari, kayan gyara da horar da matuƙa duk da dala ake biya, alhali da naira ake sayar da tikiti. Jirgin da ke ajiye kuwa ba ya kawo kuɗi. Daga nan ɗage gyara yake samo asali.

Bayan haɗarin ADC an sa hannu kan dokar sufurin jiragen sama ta 2006, sannan aka wajabta wa kamfanonin cikin gida jarin naira miliyan 500 a 2007. Duk da haka, jirgin Dana ya faɗi a Legas a 2012, lokacin da ɗan majalisar Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, yake kakakin Majalisar Wakilai, ya hallaka duka mutum 153 da ke cikinsa. Sa ido kan hukumar NCAA, wadda ke ba kamfanoni lasisi, nauyi ne da ke wuyan majalisar dokoki.