Sarƙa: Daga Wuyan Amarya Zuwa Keke

Kalmar "sarƙa" ta girmi keke a ƙasar Hausa. Dangin "sarƙe" da "sarƙafe" ce, da "sarƙaƙiya", ƙayar nan mai rassa cikin juna. Ma'anarsu ɗaya, abu ya shiga cikin ɗan'uwansa ya riƙe shi. Shi ya sa Bahaushe ya ari sunan keke daga Yarbanci amma bai nemi aro ga sarƙarsa ba, domin aikinta ke nan, kowace gaɓa ta kama haƙorin firiwil ta ja.

Masu gyara da dama sun fi son "cen" ta Turanci, wai sarƙa ta ado ce. Hujjar ba ta da ƙarfi, tunda "sarƙar keke" ta raba gardama, ita kuwa "cen" ba ta ƙara wa mai saye komai a kan awo, inda matsalar take. Tazarar gaɓoɓi rabin inci ce, milimita 12.7, a kusan kowane keke; faɗi ne ke bambanta. Keke marar giya yakan ɗauki 1/8 na inci, mai giya 3/32 ko ƙasa. Mai faɗi takan cije tsakanin haƙoran giya, siririya ba ta hawa haƙori mai kauri. Ka gaya wa mai shago irin kekenka kafin ka biya.