Kowa a Gidansa Sarki Ne? Tarihin Rikicin Eriya a Amurka

Masu iya magana kan ce kowa a gidansa sarki ne. To, amma ina wannan sarauta ta tsaya idan mutum ya kafa abin da ya tsone wa maƙwabtansa ido? Wannan tambaya ce Amurkawa suka sha fama da ita a kan kwanon satalayit da dogayen ƙarafan sadarwa.

A farkon shekarun 1980 kwanon satalayit ƙato ne, faɗinsa kan kai mita 3. Da mutane suka fara girke shi a ƙofar gida, sai majalisun garuruwa da dama suka yi dokar hana shi, wai yana ɓata kyan unguwa. Masu kwano suka kai kuka ga FCC, wato hukumar sadarwa ta tarayya. A 1986 hukumar ta yanke cewa gari ba shi da ikon ware kwanon satalayit shi kaɗai ya takura masa, sai da dalili bayyananne na lafiya, ko tsaro, ko tsarin gari.

A 1994 kamfanin DirecTV ya fito da ɗan ƙaramin kwano wanda faɗinsa bai kai rabin mita ba, aka yi ta rububinsa. Shekara biyu bayan haka, a watan Fabrairun 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a sabuwar dokar sadarwa. A ƙarƙashinta ne FCC ta hana garuruwa da ƙungiyoyin masu gidaje tsangwamar duk kwanon da bai wuce mita 1 ba, in ba don gudun haɗari ko kare ginin tarihi ba. A 1999 wannan kariya ta kai ga 'yan haya.

Ƙarfen sabis kuwa, hanyarsa daban. Dokar ta bar wa gari ikon duba inda za a kafa shi, amma da sharuɗɗa. Ba a yarda gari ya toshe sadarwa baki ɗaya ba. Idan ya ƙi, dole ya ba da amsa a rubuce tare da hujja. Haka kuma ba zai fake da tsoron illar iskar sadarwa ba, muddin ƙarfen ya bi ƙa'idar FCC. Da garuruwa suka koma jan ƙafa, sai a 2009 aka yanka musu wa'adin kwana 150 a kan sabon ƙarfe, Kotun Ƙoli kuma ta goyi bayan hukumar a 2013.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce tazarar ƙarfe da gida ta kai mita 5, ita kuwa ta hukumar muhalli NESREA ta 2011 ta ce mita 10. Maƙwabcin ƙarfe, mai kwana da ƙarar janareta, ya rasa wacce zai riƙe.

Abin lura dai shi ne, duk lokacin da aka ja, iko sama yake ƙara tafiya, yana nisa da mai unguwa. Dukanmu muna son sabis, amma ba mai son ƙarfen a bayan katangarsa. Ya kamata marubutanmu su leƙa wannan tsakani, domin akwai labarin haƙƙin maƙwabtaka a gindin kowane ƙarfe. Allah Ya sa mu dace.